Ƙaho a Wuyan Malam Lawan

Zulaihat ta ɗebo kunun gyaɗa a cokali ta kai baki, ta runtse ido ta yi ƙoƙarin haɗiyewa. Ya ƙi wucewa. Abin nan da ya tokare mata maƙogwaro tun farkon damina yana nan daram, kamar ƙwallon goruba, ba ya yin sama ba ya yin ƙasa.

Ta juya a hankali ta zubar a bayan randa, tana fatan ba wanda ya gani.

Ina! Idon Gwaggo Lami, yayar mahaifinta, ba ya gyangyaɗi.

"Kin gani ko, Binta? Kin ga abin da nake gaya miki? Yarinya duk ta zube sai idanu. Asibiti an je, hoton wuya an yi, har igiyar nan mai fitila an zura mata, likita ya ce lafiyarta ƙalau. To in ba sammu ba mene ne? Yaron nan ya ga an hana shi, shi ne ya shiga malamai."

Inna Binta, mahaifiyar Zulaihat, ba ta ɗago daga shinkafar da take tsincewa ba. Zulaihat 'yar fari ce, kuma a gidan mahaifinta Malam Lawan ana riƙe da kunyar ɗan fari yadda aka gaje ta. Uwa ba ta shiga maganarta a gaban mutane, uba ba ya zaman hira da ita. Tsakaninta da mahaifinta sai "Baba ina kwana" da "lafiya lau", shi ma yana faɗa yana kallon wani gefen.

Yaron da Gwaggo take nufi Uwaisu ne, makanikin injina a wani kamfanin jimar fata da ke nan Challawa. Laifinsa ɗaya a duniya, manyansa ba su iya zaɓen rana ba. Sun zo neman izini a makon da baƙin ruwan kamfanonin fata ya ɓalle daga kwata ya malale fadamar Malam Lawan, ya ƙone latas da alayyahun da ya sha wahalarsu duk rani.

Malam Lawan ya tambayi inda yaro yake aiki. Aka faɗa masa. Ya miƙe tsaye.

"Wallahi tallahi, mai cin abinci a kamfanin fata ba zai auri 'yata ba!"

Magana zarar bunu. Baƙi suka sa takalmansu suka fita. Zulaihat tana bayan ƙyaure ta ji komai, ba ta yi kuka ba, ba ta ce uffan ba. Washegari ta tashi da abu a wuya.

A yi wa Malam Lawan adalci, bai ce dole ta auri kowa ba. Sai dai Gwaggo tana da ɗa, Muhsin, mai shagon magungunan Musulunci a Sharada, ita kuwa Gwaggo ba ta ganin ƙofa a buɗe ta wuce. Muhsin ba mugu ba ne. Mutum ne kawai da ya yi imani kowace cuta a duniya tana da kwalbarta a kantarsa. Zuma ya kawo, habbatus-sauda ya kawo, man zaitun, hulba, har da wani turare da ya sa kajin gidan atishawa. Tagar ɗakinta ta cika da kwalabe, ita kuma kullum sai ƙara ninka zani take a ƙugu.

Hon ɗin motar Muhsin ya yi ƙara a ƙofar gida. Nan take ta ji wuyan ya ƙara shaƙewa.

"Ga ɗan albarka nan ya zo kai ki aiki," in ji Gwaggo, baki har kunne.

"Motar kamfani na jirana a titi, Gwaggo."

Ta zari hijabinta ta fice ta ƙofar baya.

*

A kamfanin biskit ɗin da take aiki a Sharada, ita ce mai kula da matan da ke zuba kaya a kwali. Wajen azahar tana tsaye a kansu sai ta ga kwalayen sun fara juyawa. Ba ta san lokacin da ta kai ƙasa ba.

Ta farfaɗo a ɗakin shan magani na kamfanin, fanka na kaɗawa a samanta. Sista Hannatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Zonkwa da ta daɗe a Kano har Hausarta ta koma ta 'yan birni, tana kwance mata abin awon jini daga dantse.

"Jininki ya yi ƙasa. Yaushe rabonki da abincin kirki?"

"Ba ya wucewa, Sista."

"Na sani. Ni na tura ki asibiti, na kuma ji abin da suka ce."

Sista ta haɗa shayi mai citta ta sa mata kofin a hannu.

"Ban ce ki sha ba. Riƙe kawai ki ji ɗumi. Yanzu ba ni labari. Kafin abin nan ya fara, me ya faru a gida?"

"Ba komai."

"Ƙanwata, ki saki jiki. Ni ba ni da ɗan da zan aura miki, nawa duka mata ne."

Zulaihat ta yi dariya, dariyar ce kuwa ta fasa kukan. Ya zo mata gaba ɗaya, har kafaɗunta na jijjiga.

"Sista, ina son sa. Ban taɓa faɗa da bakina a gaban kowa ba sai yau. Ba shi ya zuba ruwan nan a fadamar Baba ba. Shi ma ɗan talaka ne, inji yake gyarawa ya ciyar da mahaifiyarsa. Amma Baba ya rantse. Na ga yadda ya dawo daga fadama ranar da abin ya faru, ƙafarsa duk baƙin ruwa, ya zauna a zaure kamar wanda aka yi wa rasuwa. Da wane bakin zan ce masa ga wanda nake so? In na bi Uwaisu na saɓa wa Baba, in na bi Baba..."

Ta kasa ƙarasawa, ta goge ido da gefen hijabi.

"Kullum sai in shirya maganar tsaf. In na durƙusa gaishe shi sai ta tsaya mini a nan. Yanzu kuma ana cewa Uwaisu ya yi mini asiri, har ni ma wani lokacin sai tsoro ya kama ni, in ce ko gaskiya ne. Wani lokacin in ce ciwon daji ne likita bai gani ba, mutuwa zan yi ba wanda ya san abin da ke raina."

Ta daɗe tana yi. Sista ba ta katse ta ba, sai dai jefi-jefi takan miƙa mata gutsuren biskit kamar ba da gangan ba.

Sai da ta yi shiru tana ajiyar zuciya sannan Sista ta ce, "Duba kofinki."

Ta duba. Babu komai a ciki sai guntun citta a ƙasa. Farantin biskit ma ya yi rabi.

Ta dafe wuyanta da hannu biyu. "Sista, ni na sha?"

"To wa? Aljani?"

Wani sanyi ya ratsa ta tun daga ka har tafin ƙafa. Ashe ba mutuwa ce ke bin ta ba. Ashe Uwaisu bai cuce ta ba. Ta sake fashewa da kuka, amma wannan na murna ne, tana yi tana hamdala.

"Saurare ni da kyau," in ji Sista. "Likita bai yi ƙarya ba, hanyar abincinki a buɗe take. Ke ma ba ƙarya kike ba, ciwon na gaske ne. Jiki da zuciya gida ɗaya suke haya. In zuciya ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, wani cikinsa ne zai murɗa, wani kansa ya sara, wani jininsa ya hau. Ke naman wuyanki ne ya ɗaure. Ku Hausawa kuna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, amma ke kin cika naki da magana har tuwon ya rasa wuri."

Ta koya mata yadda za ta riƙa jan numfashi a hankali ta hanci ta sake shi ta baki kafin ta ci abinci. Ta ce ta riƙa ci kaɗan-kaɗan, ta riƙa taka ƙafa da yamma, zumar Muhsin ma ta sha abinta a ruwan ɗumi, zuma ba ta yi laifin komai ba. In abin ya ƙi, akwai likitocin da aikinsu ke nan, sauraron damuwar mutane, za ta haɗa ta da su.

"Amma babban maganin yana gidanku. Ki yi wa babanki magana."

"Sista, ni fa 'yar fari ce. Ko fuskarsa ban taɓa tsayawa na kalla ba."

"To wa ya ce sai kin kalli fuskar? Kunne kike nema."

*

Da aka tashi daga aiki ta hango Uwaisu a tsallaken titi, jingine da mashin ɗinsa kusa da mai shayi, har yanzu da kayan aiki a jikinsa. Labari a Sharada ba ya jiran mota.

"An ce kin faɗi."

"Na tashi."

Uwaisu ya kalli yadda hijabin ya yi mata yawa, ya kawar da kai.

"Zulaihat, na je Bompai neman wani aikin. Wasu kamfanonin a rufe suke, sauran sun ce in dawo wani lokaci. In na ajiye wannan a ce ba ni da sana'a, in na riƙe shi ga rantsuwa. Gaba kura baya siyaki. Yanzu kuma har masallacin unguwarmu an kai labari wai na yi miki asiri. Wallahi ko hanyar gidan boka ban sani ba." Ya sunkuyar da kai. "In ni ne nake ƙara miki ciwo, zan janye. Gara in ji kina gidan wani da lafiyarki, da a ce..."

"Kar ka ƙarasa."

Hawaye na bin fuskarta, amma murmushi take.

"Yau na shanye shayi kofi guda, Uwaisu. Ina zancenka na sha shi. Ba kai ne ciwona ba. Ka ba ni 'yan kwanaki."

"Me za ki yi?"

"Abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni."

Da yammar tana wanke-wanke, Inna na gefe tana tankaɗe, ta zayyana duk abin da Sista ta faɗa tana kallon gindin tukunya kamar da ita take. Rariyar ta tsaya a hannun Inna na ɗan lokaci kafin ta ci gaba.

*

Ranar Asabar da hantsi Ibrahim wanzam, wanda kowa ke kira Baba Iro, ya iso da zabirarsa. Abokin Malam Lawan ne tun suna kiwon awaki a filin da yanzu kamfanoni suka cinye. Malam Lawan ya jima yana fama da ciwon ƙeya da wuya, ya ce mataccen jini ne ya taru, a zo a kafa masa ƙaho.

Inna ta juye ruwan ɗumi a buta ta dire a gaban Zulaihat.

"Ke, kai musu zaure."

Ta juya baya tana gyara murhu, sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, kamar da itacen take magana.

"An riga an kafa. Mai ƙaho a wuya ba ya waiwaye, ba ya kuma tashi sai an cire."

Zulaihat ta kalli bayan mahaifiyarta ta ji kamar ta rungume ta, sai dai ba hali. Ta ɗauki butar.

A bakin zaure ta tsaya bayan labule. Ta gefe ta hango mahaifinta zaune a kan kifaffen turmi, ya ba cikin gida baya, kansa a sunkuye, ƙahonni sun yi cirko-cirko a ƙeyarsa da kafaɗunsa. Ta tura butar ciki ta durƙusa. Abin wuyan ya taso ya cika mata maƙogwaro. Ta ja numfashi ta hanci yadda aka koya mata, ta sake shi, ta kuma ja.

"Baba."

Bayansa ya motsa.

"Baba, ku gafarce ni. Magana ce da ni."

Ya yunƙura zai miƙe, Baba Iro ya dafe shi.

"Ina zuwa? Zauna, malam. Ka motsa ƙaho ya faɗi, jini ya wanke maka wando, a ce Iro ya tsufa bai iya aiki ba."

Ta sunkuyar da kai, ta saki abin da ta daɗe tana haɗiyewa.

"Baba, ban taɓa saɓa muku ba, ba kuma yau zan fara ba. In kun ce a'a har abada, na bi. Amma ina so ku sani ba sammu ke damuna ba. Ba wanda ya yi mini komai. Maganar da na haɗiye ranar da kuka rantse ce ta tsaya mini a wuya. Ina son Uwaisu, Baba. Na san abin da ruwan nan ya yi muku, ni ma da fadamar nan aka raine ni. Amma ba shi ya sako ruwan ba. Ina tsoron fushinku, ina tsoron rasa shi, tsoro biyun nan su ke cinye ni. Abin da ke raina ke nan."

Ta kifa kai a gwiwa tana kuka. A tsakiyar kukan ta haɗiyi yawu, ta ji ya wuce sumul.

Can Malam Lawan ya yi gyaran murya.

"Iro."

"Na'am."

"Tambaye ta, me ya hana ta faɗa tuntuni?"

"Ga ta nan a bayanka, ai tana jin ka."

"Ka tambaye ta na ce."

Baba Iro ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin kogi. "'Yata, wai me ya hana ki faɗa?"

"Kunya, Baba Iro."

"Ta ce kunya. Gadon gida."

Malam Lawan ya dafe gwiwoyinsa.

"An ce mini ta yi shiru. Yaya Lami ta ce ta haƙura, har ta fara sauraron Muhsin. Shirun budurwa yarda ne, haka muka taso muka ji. Ciwon kuma aka ce mini jifa ne." Ya numfasa. "Ka ce da ita, tun kafin baƙin nan su kai titi na san baki ya yi mini gaba. Yaron nan duk ranar da ya gan ni a hanyar fadama sai ya kashe mashin ya sauka ya durƙusa, ni kuma in ɗauke kai. Na san ba shi da ko ƙusa a kamfanin. Amma na ambaci sunan Allah, Iro."

"Kai da kake sahun gaba wajen karatun Liman? Wanda ya rantse, daga baya ya ga abin da ya fi alheri, ai sai ya yi kaffara ya bi alherin. Miskinai goma za ka ciyar. Ko shinkafar ce babu?"

"Na san wannan."

"To me kake jira?"

"Wanda zai roƙe ni! Haka kawai dattijo zai tashi ya lashe amansa, ba wanda ya ce masa don Allah? Na zauna ina jira, kowa ya zuba mini ido."

Baba Iro ya tafa hannu yana salati.

"Oh ni Iro! Uba na jiran a roƙe shi, 'ya na jiran a tambaye ta, ni kuma ana ta aike a zo in zuƙe jini. Sau nawa na kafa maka ƙaho a daminar nan? Ƙaho ya yi iyakar nasa. Jibi ka je asibiti a auna jininka, kar ka ce ban gaya maka ba."

Sai ga Gwaggo Lami ta taho da sauri daga cikin gida, mayafi a hannu.

"Lawan! Kar ka saurare ta! Ba ita ke magana ba, sammun ne!"

Bai waiwayo ba, don ba hali.

"Yaya Lami, in sammu ne to ni ma ya kama ni, don tun ranar rabona da barcin kirki. Muhsin ɗana ne, ba abin da ya yi sai alheri. Allah ya ba shi wadda take son sa."

Gwaggo ta kalli Zulaihat da ke durƙushe, ta ga ƙasusuwan wuyanta a fili, sai abin da ta zo faɗa ya ƙi fita. Ta juya ciki tana gunaguni ƙasa-ƙasa.

Zulaihat ta matso har goshinta ya taɓa labule. Muryarta ta fita tar, ba gargada.

"Baba, don Allah."



Baba Iro ya shiga cire ƙahonnin ɗaya bayan ɗaya, yana juye jinin a ƙasa, yana goge wurin da ruwan ɗumi. Da ya zagayo ta gaba don ya wanke aska, sai ya ga gemun abokinsa ya jiƙe sharkaf, har yana ɗiga a gwiwa. Ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ɗaga murya yadda na bayan labule za ta ji.

"Af, Lawan, ashe yau askar ta yi maka zafi."

"Ta yi zafi," in ji Malam Lawan. "Ba ka wasa ta ba."

"Laifina ne, ka yi haƙuri."

Malam Lawan ya jawo rigarsa ya goge fuska da ita kafin ya zura.

"In ka fita ka bi ta gidan su yaron nan. Ka ce da manyansa ina gida ranar Juma'a bayan an sauko. Ita kuma ka ce ta tashi daga ƙasa haka nan, ta je ta auno shinkafar mutum goma."

Baba Iro ya ɗaga labule don ya isar da saƙo. Bai tarar da kowa ba sai takalmi wari ɗaya da aka bari a garin sauri. Daga can cikin gida aka jiyo Inna Binta, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya a kan 'yarta ta fari ba, tana cewa a cika mudun ya yi tozo.